Kun Tambaya, Mun Amsa: Hutu a Kankun, Bakin Tekun Meksiko

Wasiƙun da suka taru a teburin shafin tafiye-tafiye a wannan karo yawancinsu kan gari ɗaya suke, wato Kankun, birnin shaƙatawa da ke jihar Quintana Roo a kudu maso gabashin Meksiko, bakin tekun Karebiyan. Kafin 1970 wurin daji ne da rairayi da 'yan masunta ƙalilan. Gwamnatin ƙasar ce ta zaɓe shi da gangan ta gina shi domin baƙi, otal-otal na farko suka buɗe a 1974, ƙidayar 2020 kuma ta nuna mazaunansa sun doshi dubu 900. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, fasfona na Najeriya ne, ina so in kai maiɗakina da yara biyu Kankun hutu. Da me zan fara, kuma ta ina jirgi yake bi? (Wani Alhaji daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da biza, tikiti ya biyo baya, don a nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Meksiko, a ofishin jakadancinsu na Abuja ake nema, kuma da ƙafa ake zuwa, ba a aike. Za su yi maka tambayoyi, su duba takardar banki ta watannin baya-bayan nan da shaidar sana'a. Kowane yaro da tasa bizar da takardar haihuwarsa. Sauƙin da ke ciki shi ne, duk mai riƙe da biza mai rai ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Shengen na Turai ba sai ya nemi ta Meksiko ba idan yawon buɗe ido zai je. Amma fa fasfon kowa ake dubawa: bizar da ke cikin naka ba ta ɗauke wa Hajiya da yara komai.

Babu jirgin da ke tashi daga Afirka ta Yamma ya sauka Kankun kai tsaye, dole a yada zango, kuma zangon shi ne tarkon. Ko awa biyu kacal za ka yi a filin jirgin Atlanta ko Houston, sai da bizar Amurka. Idan ta Paris, Frankfurt ko Madrid ne, 'yan Najeriya da Ghana suna cikin waɗanda ake nema wa bizar yada zango ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, in ba suna da biza irin ta Amurka, Kanada ko Japan ba. Wanda bizar Meksiko kaɗai gare shi ya fi samun sauƙi ta Istanbul, inda Turkish Airlines tun 2019 yake tashi ya sauka babban birnin Meksiko sannan ya ƙarasa Kankun. Tafiya ce ta fiye da yini da dare idan an haɗa da jira, don haka hutun da bai kai mako guda ba bai cancanci wannan wahala da yara ba.

Biza kuma ba ita ce shiga ba. Jami'an shige da fice na Kankun suna mayar da mutane, saboda masu fakewa da yawon buɗe ido su nufi iyakar Amurka. Ka buga takardar otal da aka biya da tikitin komawa a takarda, kada ka dogara da waya, ka kuma iya faɗin sunan otal ɗinka da ranar tafiyarka ba tare da inda-inda ba. Iyakar zama kwana 180 ne, amma abin da jami'in ya rubuta maka shi ne naka. Akwai kuma harajin baƙi na jihar da ake kira Visitax, wanda aka fara karɓa a 2021, bai kai dalar Amurka 20 ga mutum ɗaya ba. Ka biya a shafin da adireshinsa ya ƙare da gob.mx kawai, akwai shafukan 'yan tsakani da ke ninka kuɗin.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, sai a watan Agusta nake samun dogon hutu. An ce mini lokacin guguwa ne. In haƙura? (Wata Malama daga Zariya)

Amsa: Ba sai kin haƙura ba, Malama, amma ki san abin da za ki tarar. Lokacin mahaukaciyar guguwa a wannan yanki daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ba kowace shekara take faɗa wa Kankun ba, amma idan ta zo ba ta wasa: guguwar Wilma a Oktoban 2005 ta farfasa otal-otal ta kwashe rairayin gaɓa, har sai da aka haƙo wani daga ƙarƙashin teku aka sake shimfiɗawa. Ana hango guguwa kwanaki kafin ta iso, saboda haka abin tsoron ba rai ba ne sosai, kuɗi ne. Ki sayi tikitin da ake iya canza wa rana, da inshorar tafiya, kuma ki sayi inshorar tun kafin a raɗa wa guguwar suna, don bayan nan kamfanoni ba sa biya. Yawancin ranakun Agusta safiya rana ce tarwai, zafi ya haura digiri 32 da gumi mai nauyi, da yamma a yi ruwa na awa ɗaya a ɗauke.

A namu ganin abin da ya fi ɓata wa mai zuwa a wannan lokaci rai ba guguwa ba ce, ciyawar teku ce da suke kira sargaso. Tun 2011 take taruwa a tsakiyar Atlantika, daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karebiyan, iska ta koro ta gaɓa, galibi daga Afrilu zuwa Agusta ko Satumba. Idan ta yi yawa ruwan shuɗin nan na cikin hotuna yakan koma ruwan ƙasa, in ta fara ruɓewa kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, mai asma ya nisance ta. Gaɓar da ke kallon gabas take cika. Wadda ke kallon arewa da kuma Playa Norte a tsibirin Isla Mujeres galibi suna tsira.

Wanda yake da zaɓi, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Afrilu ya fi daɗi, ba ruwan sama sosai, zafi wajen 28 zuwa 30. Farashi yakan yi tashin gwauron zabo a makon Kirsimeti da sabuwar shekara. Watan Maris kuwa ɗaliban jami'o'in Amurka ne ke cika garin da shaye-shaye da hayaniya. Mai iyali ya kauce masa.

Tambaya: 'Ya'yana uku ba wanda ya iya ruwa, ni ma haka. Otal-otal duk sun ce suna bakin teku. Akwai bambanci? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a duk wasiƙun nan. Unguwar otal-otal siririn tsibiri ne mai siffar lamba 7, tsawonsa ya haura kilomita 20, titi ɗaya ya ratsa shi, Boulevard Kukulcan, ana kuma gane wuri da lambar kilomita. Kan bakwai ɗin, daga kilomita 1 zuwa wajen 9, yana kallon arewa, tsibirin Isla Mujeres ya tare masa igiyar ruwa. Nan ne Playa Las Perlas, Langosta, Tortugas da Caracol suke, ruwa kwance, marar zurfi a baki. Ƙafar bakwai ɗin, daga kilomita 9 zuwa 20 da 'yan kai, tana fuskantar buɗaɗɗen teku. Can ne Chac Mool, Marlin, Ballenas da Delfines suke. Sun fi kyau a hoto, rairayinsu ya fi faɗi, kuma can ne ruwa ya fi cin mutane. Kafin ki biya kuɗi, ki duba lambar kilomitar otal ɗin. Da yaran da ba su iya ruwa ba, ki tsaya ƙasa da 9. Ki kuma guji daidai kusurwar, Punta Cancun, don nan gidajen rawa suka taru, kiɗa har asuba.

Ana kafa tuta a gaɓa kowace rana. Kore, a shiga; rawaya, a yi hattara; ja, haɗari; baƙa, an rufe ruwan. A ɓangaren gabas ba kasafai ake ganin kore ba. Abin da ke kashe mutane shi ne jan ruwa: igiyoyi suna tara ruwa a gaɓa, sai ya sami wata siririyar hanya ya koma teku da gudu. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina lafawa, igiya ba ta fashewa a cikinsa, launinsa ya ɗan yi duhu ko gurɓata, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. Ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Wanda ya iya ruwa kada ya yi kokawa da shi, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan, sannan ya juyo. Wanda bai iya ba kuwa kada ruwa ya wuce masa gwiwa a ɓangaren gabas, kuma ya tsaya gaban hasumiyar masu ceto. Idan wani ya shiga uku a ruwa, a kira mai ceto a jefa masa abin da ke iyo. Kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi.

Ki saya wa yara rigar ceto ta gaske, mai maɗauri tsakanin ƙafafu. Balan-balan ɗin da ake hurawa a ɗaura a dantse abin wasa ne. Ke kuma kayan wanka masu rufe jiki duka ba wanda zai hana ki sa su a teku, sai dai su zama na yadin wanka, masu kama jiki daidai. Doguwar riga ko zanen auduga suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa, wasu otal-otal ma ba sa barin auduga a kwamin wanka.

Bayan titin, ɗaya gefen, tafkin Nichupte ne. Akwai kadoji a ciki, ga alluna nan an kafa. Ba a wanka, ba a barin yaro ya leƙa bakinsa, musamman da dare.

Tambaya: Yaya Musulmi zai yi da abinci da salla a can? An ce komai da alade suke dafawa. (Wani ɗalibi daga Kumasi)

Amsa: Ba komai ba, ɗan'uwa, amma alade yana ɓuya a inda ba ka zato. Na fili da sauƙin gujewa: cochinita pibil, abincin alfaharin yankin, alade ne da aka gasa cikin ganyen ayaba, tacos al pastor, wanda ake gasawa a tsaye ana yankowa, shi ma alade ne duk da ka ga kamar shawarma, haka chorizo, chicharron, jamon da tocino. Na ɓoye shi ne kitsen alade, manteca. Da shi ake soya dakakken wake a gidajen abinci da yawa, ana sa shi a tamales da wasu fanken alkama da ake naɗe abinci a ciki, waken da ake kira charros kuma da guntayen naman alade ake dafa shi. Fanken masara, tortilla de maiz, masara ce da ruwa kawai. Ka riƙe kalmomi uku a waya ka nuna wa mai kawo abinci: sin cerdo, ban da alade, sin manteca, ban da kitsensa, sin alcohol, ban da giya. Na ƙarshen yana da amfani har a kifi, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifi kafin suya.

Naman shanu da kaza a can galibi ba yankan Musulmi ba ne, mai kiyaye wannan ya tsaya ga abin teku, kuma ba zai yi rama ba. Ka nemi tikin xic, kifi ne da ake shafa wa jan yajin achiote da ruwan lemo mai tsami a gasa shi a gawayi. Isla Mujeres ta yi suna a kansa. Akwai jatan lande, akwai guacamole na fiya, akwai ceviche, wanda ɗanyen kifi ne da lemon tsami ya dafa, shi kam a ci shi a wuri mai tsabta kawai. Yajinsu habanero ɗan gidan attaruhu ne, a ɗanɗana kafin a zuba. Abin sha kuwa za ka sha mamaki: agua de jamaica zoɓo ne tsagwaronsa, kuma Meksiko tana cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Tamarindo ruwan tsamiya ne, horchata kuma na shinkafa da kirfa. Ruwan famfo ba a sha, sai na gora.

Ga shawarar da dillalan tafiya ba za su ba ka ba. Yawancin manyan otal-otal biya ɗaya ake yi ya haɗa kwana da ci da sha, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi na giyar da ba iyaka ne. Wanda ba ya sha, rabin teburin abinci kuma ya haramta gare shi, wasu yake biya wa. Ɗaki mai karin kumallo kawai, ko gida mai kicin a cikin gari, ya fi masa riba. Motocin bas R1 da R2 suna zirga-zirga tsakanin gari da unguwar otal-otal, kuɗinsu bai kai dala ɗaya ba, kuma a dokar Meksiko gaɓar teku ta kowa ce, akwai hanyoyin shiga na jama'a.

Alƙibla daga Kankun arewa maso gabas take, wajen digiri 54 daga arewa, ba gabas sak ba kamar yadda aka saba a gida. Agogonsu yana bayan na Ghana da awa 5, yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 6, ba sa kuma canza shi a shekara. Ka tafi da buta da darduma. Banɗakunansu ba su da ruwan tsarki.

Tambaya: Zan iya tafiya da kilishi da dambun nama da goro? (Wani dattijo daga Sakkwato)

Amsa: Baba, a bar su a gida. Hukumar lafiyar amfanin gona ta Meksiko ba ta barin shiga da nama, ɗanye ko busasshe, da abincin da aka haɗa a gida, da ɗanyun 'ya'yan itace da iri, akwai kuma karnuka masu sansana jaka. Magani a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, a kuma duba maganin mura, don mai sinadarin pseudoephedrine haramun ne a ƙasar. Kuɗin hannu da ya haura dalar Amurka dubu 10 sai an bayyana wa kwastan. Abin da ya kamata a saka a jaka shi ne adafta mai siraran ƙafafu biyu irin ta Amurka. Ƙarfin wutarsu volt 127 ne, tamu 230: cajar waya za ta yi aiki, dutsen guga da hita ba za su yi zafin kirki ba.

Tambaya: Wani abokina ya ce tun a filin jirgi ake fara damfarar baƙi. Gaskiya ne? (Wani ma'aikacin banki daga Kaduna)

Amsa: Ba damfara ce ta kai tsaye ba, Malam, ciniki ne mai naci. Da ka wuce kwastan, kafin ƙofar fita, akwai wani zaure cike da mutane masu kaya masu tsabta da baji a wuya, suna tare baƙo kamar 'yan kamasho a tasha, suna tambayar otal ɗinka kamar su aka aiko. Ba su ba ne. Dillalan sayar da hannun jarin ɗakunan hutu ne. Za su yi maka alkawarin mota kyauta ko tikitin yawo a rabin kuɗi idan ka halarci wani bayani na minti 90, wanda yakan cinye rabin yini ana matsa maka ka sa hannu a kwangilar shekaru. Ka ce no, gracias, kada ka tsaya, direbanka na gaske yana waje riƙe da allo. Wanda ya riga ya sa hannu, dokar kare masu saye ta ƙasar ta ba shi ranakun aiki 5 ya soke, a rubuce, hukumar Profeco ce ke kula da wannan.

Filin jirgi yana da nisan wajen kilomita 20 daga gari. Ko dai ka yi odar mota tun daga gida, ko ka hau bas ɗin kamfanin ADO zuwa tsakiyar gari. Tasi ba su da mita, a yi ciniki kafin a shiga, a kuma tabbatar peso, kuɗin ƙasar, ake nufi, don alamar $ ita ce ta peso a can, ita ce kuma ta dala. Ka cire kuɗi a na'urar da ke cikin banki, ba ta bakin titi ba. Idan na'urar ta ce ta canza maka kuɗin da farashinta, ka ƙi, bankinka ya fi ta sauƙi. A gidan abinci ana barin tukwicin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, amma ka duba takardar kuɗin, wasu sun riga sun saka. Tsaraba a kasuwar Mercado 28 ake saye, farashin farko kuma na taya ne.

Tambaya: Ban damu da wanka ba, tarihi nake so. Yaya zan ga Chichen Itza ba tare da wahala ba? (Wani malamin tarihi daga Yamai)

Amsa: Malam, ka tashi da asuba ka tafi da kanka. Tsohon birnin na al'ummar Maya yana da nisan wajen kilomita 200 yamma da Kankun, awa biyu da rabi ta babbar hanyar 180D wadda ake biyan kuɗi. Matsalar motocin yawon rukuni ita ce suna bin otal-otal suna kwasar mutane, su tsaya a shagon tsaraba, su iso da tsakar rana lokacin da zafi da cunkoso suka kai maƙura, inuwa kuma ba ta da yawa. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 8 na safe, kuma agogon jihar Yucatan yana bayan na Kankun da awa ɗaya. Wanda ya bar Kankun ƙarfe 6:30 zai isa daidai buɗewa, ya yi awa biyu ko uku cikin sanyin safiya. A dawowa awar nan za ta ƙwace abinta, a lissafa da ita. Akwai bas na ADO, akwai kuma jirgin ƙasa na Tren Maya da aka buɗe a Disamban 2023. Kuɗin shiga kashi biyu ne, na hukumar tarihi ta tarayya da na jiha. Ka riƙe peso a hannu.

UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988. Babban ginin, El Castillo, tsayinsa wajen mita 30, matakala 91 a kowane ɓangare huɗu, idan aka haɗa da dandalin sama 365, adadin kwanakin shekara. An hana hawansa, masu taurin kai kuma tara ake cin su. Ka tsaya gaban matakalar ka tafa hannu, amsa-kuwwar za ta dawo da ƙara irin ta kukan tsuntsu. A wajen 21 ga Maris da 22 ga Satumba, da la'asar, inuwa takan zana siffar maciji yana saukowa a gefen matakalar arewa, amma ranakun cunkoso ne na fitar hankali. Filin ƙwallonsu mai tsawon mita 168 ya cancanci a daɗe a cikinsa. Ka ɗauki ɗan jagora mai lasisi a bakin ƙofa, ku yi ciniki tukuna.

Kada ka dawo ba ka leƙa senote ba. Ƙasar yankin farar ƙasa ce mai shanye ruwa, kusan babu kogi a sama, ruwan duk yana gudana a kogunan ƙarƙashin ƙasa. Inda rufin kogo ya rufta sai rijiya ta bayyana, ita ce senote, kuma da su biranen Maya suka rayu. Ik Kil tana kusa da Chichen Itza, ana sauka wajen mita 26 kafin a taɓa ruwa, zurfinsa kuma ya haura mita 40, ba inda ƙafa za ta taɓa. Ruwan daɗi ne, ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri, rigar ceto dole ce. Ana watsa ruwa kafin a shiga, ba a shafa mai ko turare, matakalar kuma tana da santsi. A yi azahar a garin Valladolid a kan hanyar dawowa.

Wanda ba ya son doguwar tafiya, gidan tarihin Museo Maya yana cikin unguwar otal-otal wajen kilomita 16, kangon El Rey kuma wajen 18, cike da manyan ƙadangarun iguwana. Tulum, birni mai ganuwa a kan tsauni bakin teku, kilomita 130 ne kudu.

Tambaya: Mu matasa ne huɗu, kasada muke so: nutso, babur ɗin ruwa, da kifin nan ƙato da ake iyo da shi. Me za mu kiyaye? (Daga Jos)

Amsa: Samari, ku jera su daidai. Nutso da tukunyar iska a farkon hutu ake yi, ba a ƙarshe ba. A ƙarƙashin ruwa iskar naitirojin tana shiga jini. Idan aka hau jirgin sama kafin ta fita sai ta yi kumfa a gaɓoɓi da jijiyoyi, abin da kan kai ga shanyewar jiki. Mafi ƙarancin jira awa 12 ne bayan nutso ɗaya, 18 bayan da yawa, mu dai muna cewa a ba shi 24. Wanda bai taɓa yi ba akwai darasin gwaji na yini ɗaya, a fara a kwamin wanka, sannan a sauka da malami, ba a wuce mita 12. Dokoki biyu: kada a riƙe numfashi yayin hawowa, huhu na iya fashewa, a riƙa toshe hanci ana hurawa a hankali tun daga mitar farko don kunne ya daidaita. Mai mura ko asma ko ciwon zuciya ya faɗa wa malamin gaskiya. Wurin farawa mai kyau shi ne MUSA, gidan mutum-mutumi na ƙarƙashin ruwa da aka kafa a 2009 don rage wa duwatsun murjani cunkoso. Akwai fiye da 500, na Manchones a zurfin mita 8, na Punta Nizuc wajen mita 4, waɗanda ake gani da tabarau da bututun numfashi kawai. Murjani ba a taɓa shi ba a taka shi, rai gare shi, yana kuma yanka.

Ƙaton kifin, tiburon ballena, yakan kai mita 10 ko fiye, amma ƙananan halittun ruwa yake tacewa, ba ya cizo. Yana taruwa arewa da Isla Mujeres daga wajen Yuni zuwa tsakiyar Satumba, ya fi yawa a Yuli da Agusta. Mutum biyu da jagora ke shiga ruwa a lokaci guda, ba a taɓa shi, a nisanci jelarsa. Abin da ke kayar da mutane ba kifin ba ne, jirgin ne: fiye da awa ɗaya a buɗaɗɗen teku cikin ƙaramin kwalekwale mai inji, sannan a tsaya ana lilo. A sha maganin jiri awa ɗaya kafin tashi, a ci abu marar maiƙo.

Babur ɗin ruwa kuwa, ku ɗauki bidiyonsa ciki da bai a gaban mai shi kafin ku hau, don rigimar da aka fi yi ita ce a nuna muku tsohon karce a ce ku biya. Kada ku ba da fasfo jingina. Haka motar haya: farashin intanet sau da yawa bai haɗa da inshorar da doka ta wajabta ba, a kanta ake ƙaro kuɗin. A gidan mai ku ga famfo ya koma sifiri, ku faɗi takardar kuɗin da kuka miƙa da baki. Duk wanda ya yi muku tayin ƙwaya a gaɓa ko gidan rawa ku wuce, yawancin tashin hankalin garin a kan wannan ciniki yake. Ku duba ko inshorarku ta haɗa da nutso, da yawa ba su haɗa ba, asibitocin kuɗi na can kuma sukan nemi ajiya kafin su fara aiki. Lambar gaggawa 911 ce.

Ranar ƙarshe da ba nutso, ku je Puerto Juarez ku hau jirgin fito zuwa Isla Mujeres, minti 20 ne. Tsibirin wajen kilomita 7 ne, ana hayar ƙaramar motar filin golf da lasisin tuƙi a zagaye shi, a je Punta Sur, a dawo Playa Norte inda ake yin nisa cikin ruwa bai wuce ƙugu ba. Ku tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun kuna sauka.